Fuskar da Maharazu ya goge

Duk wanda ya yi aure tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, in dai akwai hoto a bangon ɗakinsa, da wuya in ba Maharazu ne ya ɗauka ba. Ɗan wanzami ne, amma tun yana ƙarami ba ya iya kallon jini, sai ya bar wa ƙannensa aska ya tafi Funtuwa, ya koyi hoto wurin wani Bayarabe. Ya dawo da kyamara irin wadda ake rataya a wuya a leƙa ta sama, ya kama shago kusa da tasha, ya toshe tagar ƙuryar da bargo ya mai da ita ɗakin wanke hoto.

Lokacin kuwa biki ya zama gasa. Albashi ya ƙaru, 'yan kwangila sun yi ƙiba, mutumin da bara ke neman aron keke bana shi ke ɗauko masu kalangu daga Katsina. Inda duk aka kafa kiɗa, za ka ga Maharazu ya jingine babur ɗinsa ya kutsa fage, yana duƙawa yana miƙewa kamar mai shuka. Ya san daidai lokacin da mawaƙi zai ɗaga kai, ya san lokacin da alhaji zai manna kuɗi a goshin makaɗi ya waiwayo don a gan shi. In hoton bai kama hannun alhaji ba, ai bikin bai yi ba.

Amma ba a fage ya yi suna ba, a ƙurya ya yi. Kafin ya buga hoto a takarda, sai ya ɗora fim a kan gilashi, ya bi fuskar da fensir mai tsini da bakin reza. Ƙuraje su tafi, tabo ya tafi, baƙa ta fito jawur. Amaren garin Mairuwa har cewa suke hoton Maharazu ya fi madubi kirki. Shi ma yana jin daɗin abin, ba ya ɓoyewa. Yakan ce hannun babansa ya gada, aikin ne kawai ya juya.

Wata shekara bayan girbi aka gayyace shi biki a wani gidan Maguzawa a bayan Pauwa. Ango, Nata'ala, ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, ya zo da rediyo da wando mai faɗin ƙafa. Amarya Asibi, ita kaɗai ce mace a 'ya'yan wata tsohuwa mai suna Tani, kuma kowa ya ga amaryar tana son mijinta. Tana da zanen gidansu a kumatu, layi-layi daga gefen ido zuwa haɓa, irin na uwarta sak. An yi ta kiɗan ganga tun hantsi, Maharazu ya ƙarar da fim ɗinsa kan makaɗa da 'yan rawa, ya rage ɗaya ya zaunar da amarya a kan turmi ya ɗauka. Yana naɗe kaya ta matso ta rage murya.

"Malam mai hoto, an ce kana gyara huska. Ka ɗebe mani zanen ga. Can birni za a rataya shi, ban son matan gidan haya su yi ta tambayata."

Ya yi dariya ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya kuma yi shi da kyau, har ya buga biyu ya liƙa ɗaya a ƙofar shago don talla.

Damina ta zagayo, wata ranar kasuwa ya ɗago kai ya ga tsohuwa tsaye da ƙwarya a kafaɗa, ƙafafunta duk taɓo. Bai gane Tani ba sai da ya ga zanen kumatunta. Ta ajiye ƙwaryar, ta zauna a ƙasa ta ƙi benci. Ta ce Asibi ta rasu wajen haihuwa a Kaduna, ita da abin da ke cikin, an binne ta can kafin labari ya iso gida. Ba ta ga gawa ba, ba ta san inda kabarin yake ba. Wani ya ce mata mai hoto yana ajiye fuskokin mutane.

"Ɗan nan, ba komi ni ke so ba. In ga ɗiyata."

Maharazu ya yi mata ta'aziyya, ya ciro hoton daga ƙofa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe. Sannan ta mai do masa cikin ladabi.

"Wagga ɗiyar wasu ce. Kyakkyawa kuwa. Duba mani tawa."

"Ita ce, Inna. Ga turminku nan, ga zanen da ta ɗaura."

"Tufafin nata ne. Ina huskar?"

Gaskiyar tana bakinsa, amma yaya za a yi ka gaya wa uwa cewa abin ƙarshe da 'yarta ta roƙa shi ne a cire kamanninta da ita? Ya haɗiye. Ya ce laifinsa ne, garin gyara ya wuce gona da iri, ta ɗan jira.

Ya shiga ƙurya ya zaƙulo fim ɗin. Ya sa auduga ya goge fensirin a hankali, ya ɗaga. Inda reza ta bi babu komai, fata ce sumul, don ya kankare har ƙasa. Ya sake gogawa da ƙarfi, sai kumatun ya fara ɓarewa, dole ya tsaya. Ya bi sauran hotunan bikin ɗaya bayan ɗaya. Ga makaɗa baki buɗe, ga Nata'ala da rediyonsa, ga maza na tsalle. Asibi ta fito a guda ɗaya tak, can gefe, ta ba da baya tana zuba wa wani ruwa. Shi da ke taƙama da ido, ranar nan ido bai yi masa rana ba.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya fito da hotunan ya zube a kan benci, ya ɗauko alƙalami mai siririn baki da tawada, ya ce Inna ta juyo wajen haske. Ta juyo, ta zauna cak kamar wadda za a yi wa aski. Yana duban kumatunta yana ja a kan hoton, layi bayan layi, daga gefen ido zuwa haɓa, yana riƙe numfashi. Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Masu jiran hoton katin haraji suka gaji suka tafi.

Da tawadar ta bushe ya ba ta. Ta bi layukan da ɗan yatsa, sannan ta shafa nata kumatun.

"Ka iya, ɗan nan. Amma nawa ne ka zana. Nata na hagun ya karkace, don ta motsa ranar da anka yi mata. Ni na riƙe ta."

Bai san wannan ba. Ya kankare shi bai ma lura ba.

Ta ajiye hoton a kan benci, ta ɗauki wanda Asibi ta ba da baya, ta dube shi, ta ce wannan kam tsayuwarta ce. Ta naɗe shi a gefen zane, ta ɗora ƙwarya a kafaɗa. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"In ka samu wanda ta juyo, ka aiko mani."

Maharazu ya ce to.