Kotun Kawu Bala ta Lozells

Duk wanda ya taɓa shan shayi a falon Kawu Bala a Lozells ya san ba a shan sa a banza. Kafin ka kai kofi baki sai ka ji yadda aka tsara kotuna a Jamhuriya ta Farko: wacce ce ƙasa, wacce ce sama, da yadda aka daina kai ƙara Landan aka ce Kotun Ƙoli ta gida ita ce ƙarshe. Binciken da ya kawo shi Birmingham ke nan tun yana saurayi. Har ya yi furfura digirin bai kammalu ba, amma mu kam mun sha karatu!

Abin bai tsaya a baki ba, kotu ya kafa mana sukutum. Ranar da wani ɗalibi daga Selly Oak ya ce zai kai ƙarar abokin zamansa council, wato hukumar gari, saboda hayaniya, Kawu ya dafe ƙirji.

"Council? Kai, yaro! Da ƙyar muka karɓo shari'armu daga hannun mutanen nan, kai za ka mayar musu? Kawo shi nan."

Aka kawo shi, Kawu ya yanke hukunci. Wanda aka kayar ya ce bai yarda ba.

"Madalla, haƙƙinka ne. Ɗaukaka ƙara bayan la'asar."

Bayan la'asar muka tarar ya canja hula, ya koma wata kujera. Ya sake sauraron komai daga farko, ya girgiza kai ya ce, "Wane alƙali ne ya yi wannan aika-aika?" Ya soke hukuncin kansa, wallahi ko murmushi bai yi ba. Kotun Ƙoli kuwa matarsa ce, Gwaggo Rabi. Da ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, abinci na hucewa," shari'a ta ƙare ke nan.

Na fi kowa yi masa dariya, sai ga ni a hannunsa. Mahaifiyarmu ta zo daga Kano, yayana Nasiru, likita a Manchester, ya ɗauko ta daga filin jirgi ya riƙe ta har ta koma. 'Ya'yana ba su ga kakarsu ba sai ta waya. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa yaya, ya mayar min da wadda ta fi ta zafi, muka daina ko gaisawa. Hajiya, mahaifiyar tamu, ta yi ta kira daga Kano tana kuka, muka taurare.

Kawu ya aika wa kowa sammaci. Yaya ya ce yana on call, aikin asibiti ba zai bar shi ya zo ba.

"Ba komai, kotu za ta zo ta same shi."

Ya tasa ƙeyata har Manchester, ya zaunar da mu gaban tiren tuwo ɗaya, wai kotu ba ta sauraron mai jin yunwa. Muna wanke hannu ya ce, "An ɗage shari'a."

"Haba Kawu, ko magana ba mu fara ba!"

"Ka taɓa ganin kotun kirki ta yi gaggawa?"

Haka ya yi ta gara mu, yau Manchester, wata mai zuwa Lozells, kullum tuwo, kullum ɗagewa. Haushinsa ne ma ya sa ni da Yaya muka fara kiran juna muna gulmarsa.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, tare muka shiga. Muryarsa ta yi ƙasa, sai mun sunkuya muke ji.

"Yaya aka yi kuka zo?"

"Ni na ɗauko Yaya daga tashar jirgin ƙasa, Kawu."

"A mota ɗaya?"

"A mota ɗaya."

"To, an kori ƙara. Ku kira uwarku."

Nan a bakin gadonsa muka kira ta. Yaya ne ya riƙe wayar, ni ina ta kuka. Kawu bai kai Juma'a ba.

Ina kewarsa ƙwarai, har yau. Ya Allah, bawanka Bala ya mayar min da ɗan'uwana lokacin da na kusa rasa shi. Ka sassauta masa hisabi, ka jiƙansa, ka sa ya huta. Amin.