Yadda Na Raba Motar Likita da Warin Jini

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni ne shofer, wato direba, na motar likita a Madawa. Farar mota ce ta shiga daji, kujera a gaba, a baya katakai inda ake ɗora gadon marar lafiya. Saurayi ne ni lokacin, ina jin kaina wani babban ma'aikaci. Abokina da ke tuƙa kumandan, babban jami'in mulkin garin, ya ba ni ragowar gwangwanin siraj na goge fenti, da wata lallausar fata ta share gilashi, ya ce da faransanci sunanta shamwa. Ni kuwa shamuwa na ji. Na daɗe ina gaya wa mutane fatar tsuntsu ce, har ranar da majo, shugaban likitarmu, ya ji ni ya yi dariya har da hawaye.

Wata bazara aka kira mu wata rugga bayan Azarori, bijimi ya soki wani makiyayi a ciki. Mun ɗauko shi, amma bai kai gari ba. Jininsa ya jiƙe bayan motar har ya gangaro ƙarƙashin kujerata. Bayan an yi masa sutura na tafasa ruwa, na wanke ko'ina da sabulu da buroshi, na goge jikin motar da siraj har tana ɗaukar ido. A ganina an gama.

Zafin bazara ya ƙaryata ni. Da rana ta take, sai wani wari ya taso daga ciki. Majo ya ba ni girezil, baƙin ruwan nan da ake wanke ɗakin marasa lafiya da shi, na kwarara. Na sayo turare a kasuwa na yayyafa. Maimakon wari ɗaya sai na samu uku. Yaran gari suka sa mata suna motar gawa.

Ana haka aka aiko daga wani ƙauye kusa da Galma, wata mata tana naƙuda tun jiya, abin ya ƙi. Da na isa, uwar mijinta ce ta fara fitowa, wata tsohuwa doguwa. Ta leƙa bayan motar, ta ja da baya.

"Ɗiyata ba ta shiga motag ga," in ji ta. "Gawa nika ji cikinta."

Na ce, "Inna, hanya da nisa, kuma ta gaji. Ki bari in kai ta."

"Ɗan nan, na tsuhwa amma hancina bai tsuhwa ba."

Babu irin roƙon da ban yi ba. Maza suka ɗora ta a gado suka ɗauka a kai, suna karɓa-karɓa cikin rana. Ni kuma ina bin su a baya da mota babu kowa a ciki, a hankali, ko za su sake shawara. Ba su ko waiwaya ba. Sai la'asar muka shiga gari. An ceto uwar, amma ɗan bai zo da rai ba.

Majo ya ce zai nemi a aiko wata mota daga Tawa, sai dai shi ma bai san ranar zuwanta ba. Na ce ya bar ni da wannan, ko ni ko warin nan.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta saurari labarin, sannan ta ce, "Da mi kaw wanke ta?"

"Da ruwan zahi da sabulu."

"To, ka dahwa shi ke nan. Jini ba a sa mai ruwan zahi. Kuma kai sama kaw wanke, shi ko ƙasa yat tahi."

Washegari na kai motar bakin rijiya a fadama, na ɗauko sifana na fara kwancewa. Na cire kujera, na ɓamɓare katakan baya. Abin da na tarar a ƙasansu ya sa na koma gefe na yi amai. Audugar kujerar ma ta zama baƙa ƙirin. Na tara ta da katakan na cinna musu wuta. Ƙarfen da ya rage na jiƙa shi da ruwan sanyi da gishiri, na dirje da toka da kanwa da soso, inda soso bai shiga ba na sa tsinke da tsumma. Daga ƙarshe na bi da jabel, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta da na karɓo wurin majo, na ɗauraye, na buɗe ƙofofi na bar wa rana.

Kwana da kwanaki ina wannan aiki. Hannuwana suka tsattsage, ko alwala sai na cije baki. Kowace azahar, lokacin da ƙarfe ya fi zafi, sai in shiga da rarrafe ina sunsuna lungu-lungu. Abokina ya zo ya same ni a haka, ya ce ya ga bunsuru da kaki. Ban kula shi ba, don har lokacin ina jin wani ɗan saura. Sai da na gano inda warin yake fitowa, a ramin da ake ajiye jak ɗin ɗaga mota.

Masassaƙi ya yanko sababbin katakai. Baduku ya cusa wa kujera sabuwar audugar rimi, ya rufe ta da jar fata. Na ɗauko kwalbar turare zan fesa, mahaifiyata ta riƙe hannuna.

"Kak ka sa. Wanda yaj ji turare ya san an ɓoye wani abu."

Ba wanda ya aike ni, na tuƙa motar zuwa ƙauyen nan, na tsaya a ƙofar gidan tsohuwar, na buɗe ƙofofin duka. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar jikanta. Ta zagaya motar, ta sa kai ciki ta daɗe. Ta ɗaga tabarmar da na shimfiɗa, ta sunsuna katako.

"Da hakanga take ran nan..." Ba ta ƙarasa ba.

Ta shiga gida. Na zaci shi ke nan, sai ga ta da ƙwaryar fura a ɗaure cikin zane. Ta ƙi kujera, ta hau baya ta zauna daidai inda ake kwantar da marar lafiya, mutanen ƙauye suna kallo.

"Kai ni in ga ɗiyata, tana can likita har yanzu."

Na yi shekaru ina tuƙa motar nan bayan haka, na ɗauko mata masu naƙuda da yawa, har daga wannan ƙauyen. Tun lokacin na gane cewa wankin motar likita yana cikin aikin jinya, kuma ban sake barin jini ya kwana a cikinta ba. Amma har yau ban manta tafiyar nan ta bayan gado ba, maza suna gumi a gabana, ni da mota a buɗe ba mai so. Na sha ganin yaran da aka haifa a wannan shekarar sun girma sun yi jikoki, in tsaya ina kallon su fiye da yadda ya kamata.