Ranar da na yi wa AI kwatancen Zango

Cale, abokina, har yau in na tuna shekarata ta ƙarshe a jami'a sai in ji kamar in miƙe in taka rawa. Amma fa saura ƙiris in maimaita ta.

Firojet ɗina wata 'yar manhaja ce ta sarrafa suwic, akwatin nan mai ramuka ashirin da huɗu da ke raba intanet ɗaki-ɗaki. Da ita sai ka kunna layin ɗaki ko ka kashe daga laftof, ba sai ka hau kujera kana laluben waya ba. A hostal ɗin kawuna da ke Ayigya Zango nake gwaji, don can ne kawai aka yarda in taɓa suwic na gaske.

Malamin da ke duba aikina bai san wasa ba. Ya ce, "Ni ba zan karanta takardar bayaninki ba. Ejan na AI, manhajar nan mai aiwatar da umarni da kanta, zan miƙa wa, in sa shi aiki. In ya yi ba ki buɗe baki ba, kin ci. In ya ruɗe, sai baɗi."

Sai baɗi! Ni da na riga na zaɓi leshin bikin gamawa.

Ran Asabar da hantsi na ce bari in fara gwadawa da kaina. Na ba ejan takardar, na rubuta masa: kashe layin ɗaki na bakwai, mai shi ya tashi. Ya turo wani dogon bayani. Ni kuwa yatsana ya fi idona gudu, na danna "e" ina cin ƙosai.

Ei! Kafin in haɗiye, gidan duka ya ɗauki ihu. Mai kallon bal ya fito, mai rubuta asamen ta fito, wani daga sama yana cewa, "Wa ya kashe mana wayifayi?" Na koma na karanta abin da na amince da shi. Ejan cewa ya yi bai ga ɗaki na bakwai a takardar ba, ko rami na bakwai nake nufi? Rami na bakwai kuwa shi ne babbar wayar da ke kawo wa gidan intanet daga waje, wadda 'yan gidan ke kira ta Alhaji.

Na yi maza na mayar da layi. Kawu ya iso da tasbaha, ya ce in karanta masa abin da na rubuta.

"Rami na ɗaya, ɗakin likita. Na biyu, ɗakin mai jita. Na bakwai, na Alhaji, a bi shi a hankali."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "'Yata, likitan nan ya gama karatu tun yaushe? Yanzu yana Kwadaso da 'ya'ya biyu. Ke kwatancen Zango kika yi masa. Ka wuce inda tsohuwa ke sayar da koko, ka sha kwana. Tsohuwar kuma Allah ya jiƙanta tun bara waccan."

"Amma Kawu, kowa ya san ɗakin likita."

"Kowa na gidan nan. Shi wannan baƙon naki a wane lungu aka yanke masa cibiya?"

Na ji kunya paa, ba kaɗan ba, amma na ce wallahi ba zan maimaita shekara a kan sunan ɗaki ba. Na ɗaure ɗankwali, na ɗauko alƙalamin maka da salatif na liƙawa. Kwana uku ina bin wayoyi: in zare ɗaya, in tsaya a tsakar gida in ji wa zai zage ni, in rubuta lambar ɗakinsa. Zagi shi ne mitata. Wata ta ce in na sake zare mata za ta zare min wig, alhali ko wig ɗin ba ni da shi.

Sannan na sake takardar daga tushe. Kowane rami da lambar ɗakinsa. Kowane umarni da misali, da abin da zai fito in ya yi, da abin da zai fito in ya ƙi. "A bi shi a hankali" na goge, na rubuta ƙarara: kada a kashe rami na bakwai, gidan duka zai mutu. Na ƙara: abin da ba ka gani a nan ba, kada ka yi cinta, ka tsaya.

Yadda nake auna ta kuwa, sai in buɗe sabon ejan da bai taɓa jin labarina ba, in ba shi aiki, in zauna a kan hannuwana. A kansu fa, da gaske. Duk inda ya yi tambaya, na san takardata ce ta yi rami a wurin, sai in cike, in sake buɗe wani sabo.

Ranar gwaji malam ya haɗa laftof ɗinsa da suwic ɗin hostal daga ofishinsa. Ya ce ejan ya kashe ɗaki na huɗu. Ya kashe. Ya ce ya kunna. Ya kunna. Sai malam ya kalle ni ta saman tabarau ya rubuta: kashe ɗaki na talatin. Gidan Kawu ɗaki ashirin ne. Na zauna a kan hannuwana.

Ejan ya ce babu ɗaki na talatin a bayanin, don haka bai taɓa komai ba.

Malam ya rufe laftof. "To, madam, tashi. Turo min na gaba."

Na fito da ladabi har bakin matakala. Daga nan na cire takalmi na zunduma ihun murna, har wani mai shara ya jefar da tsintsiya.