Batirin Cikin Kaset

Shekara ashirin da bakwai Kawu Dalma ya yi yana gyaran na'urorin gem a shagon da ke manne da nawa. Dalma laƙabi ne, don kullum ƙaurinta yake yi. Shi gwanin tsofaffi ne, masu zama gindin talabijin da kaset da doguwar waya. Ni kuwa sababbi nake gyarawa, waɗanda za ka buga a hannu cikin mota, ka dawo gida ka jona a talabijin. Ya raina su matuƙa, wai ba su san ɗakinsu ba. Ni ma ba na raga masa, nakan ce kayansa sai gidan tarihi.

Wata Laraba da hantsi wata malamar asibiti ta kawo masa kaset ɗin mijinta da ya rasu. Wasan da marigayin ya ajiye yana ciki, har da sunanta da ya sa wa jarumar wasan. An gaya mata wani ɗan batiri ne ke riƙe da ajiyar, in ya mutu shi ke nan.

Kawu ya auna batirin, saura ƙiris. Ya ɗauki ƙarfen narka dalma, sai hannunsa ya kama rawa. Ya ajiye, ya sake ɗauka, rawar ta ƙaru. Mutumin da bai taɓa roƙona ko sukudireba ba, sai ga shi ya leƙo shagona.

"Ɗana, zo ka ara mini hannu."

Wallahi kaina ya kumbura. Na zauna a kujerarsa, matar na tsaye ta ƙanƙame jaka.

"Jira in ɗauko sabon, a gefe za mu fara jona shi kafin mu cire tsohon," in ji Kawu, ya juya yana laluben aljihun tebur.

Kunnena ya ji, amma hannuna bai ji ba. A sababbin na'urori, abin farko da ake yi shi ne cire batiri, na yi haka ya fi sau dubu. Kafin ya juyo na ɓalle shi. A sababbi ba abin da zai taɓa ajiya. A wannan kuwa, wutar na yankewa komai ya tafi.

Kawu ya dubi batirin a tafina. Muka liƙa sabon, ya zura kaset ya kunna. Gurbin ajiya uku suka fito a talabijin, duka wayam.

"Kawu, sai an ɗan jira sunan zai fito?" matar ta tambaya.

Na buɗe baki zan faɗi abin da na yi. Kawu ya take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ba zai fito ba, 'yata," ya ce. "Tsufa ne ya kama ni, hannuna ya yi rawa. Ki yafe mini."