Tabarau ɗin da Mai Guga bai taɓa saya ba

Shekara talatin da ɗoriya Mai Guga yana mance tabarau ɗinsa a gida. Duk Lahadin da fasto ya ce, "Ɗan'uwa, ko za ka karanta mana?" sai ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya girgiza kai. Mutanen coci har tsokanarsa suke yi, wai a ɗaure masa shi a wuya da igiya, shi ma ya taya su dariya. Gaskiyar magana, bai taɓa mallakar tabarau ba. Idonsa garau yake, daga bakin ƙofa yake hango ɗigon mai a kwalar riga. Karatu ne bai iya ba, kuma duk duniya matarsa kaɗai ta san haka.

Ita ce mai karanta masa. Kullum da safe, kafin gawayin dutsen guga ya kama, takan zauna a kan ƙullin kayan wanki, ta buɗe Maganar Allah, ta karanta rabin shafi, ta mayar da jan zare inda ta tsaya. Shi kuma ya kwashi abin da ya ji ya shiga aiki da shi. Kowace riga ya shimfiɗa a tebur sai ya yi wa mai ita addu'a: a kwala ya roƙa masa haƙuri, a hannaye albarkar aiki, a aljihu abincin iyali. Masu kawo kaya da masifa ma ba ya tsallake su, tasu addu'ar ta fi tsawo, don ya lura rigunansu sun fi na kowa yamutsewa.

Wata bakwai ke nan da aka binne ta. 'Yarsu ɗaya tana aure a gari mai nisa, takan kira ranar Asabar, kuma kafin ya gama "lafiya lau" jariri ya fara kuka a wancan gefen. Shagon ya yi masa faɗi. Har yanzu yana buɗe littafin da safe, ya ɗora yatsa a wurin zaren, ya zuba wa baƙaƙen ido kamar za su ji tausayinsa su yi magana. A wannan shafin ta ce masa, "Gobe ma ƙarasa," goben kuwa a asibiti ta same su. Kaɗaici yana cinsa, amma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne kalmomin da ya ajiye a ka sun fara zubewa, muryarta kuma tana bin su.

Wata Alhamis yana gugar farar rigar Ticha, wani tsohon malamin makaranta da ke kawo riguna uku duk mako. Ya ɗauko wata aya da matarsa ke so, ya kai tsakiya, ƙarshen ya ƙi zuwa. Ya tsaya yana lalube, dutsen guga na zaune a kan kwala. Ƙauri ne ya dawo da shi. Tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa ƙona wa kowa kaya ba.

Da Ticha ya zo da la'asar, Mai Guga bai ɓoye ba, ya shimfiɗa masa rigar.

"Riga ce kawai, dama ta tsufa kamar mai ita," in ji Ticha. "Amma kai ba ka ƙona riga. Lafiya kuwa, ɗan'uwa?"

Mai Guga ya ɗauko littafin daga kan kanta. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, don ya saba hanya. Ya janye shi.

"Malam, ba ni da tabarau. Ban taɓa yi ba. Karatun ne ban iya ba."

Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai yana jiran dariya. Ticha ya karɓi littafin, ya buɗe wurin zaren, ya daɗe yana dubawa.

"Akwai rubutun fensir a gefen shafin nan. Ka san da shi?"

"Na gani. Na zaci alama ce ta yi wa kanta."

Ticha ya gyara murya ya karanta: "Duk wanda maigidana ya kawo wa littafin nan, don Allah kada ka tambaye shi komai. Ka karanta masa a hankali, rabin shafi ya ishe shi. In ya ce a sake, ka sake."

Mai Guga ya juya baya, ya kama fifita gawayin da ba ya bukatar fifita. Ticha ya nemi wuri a kan ƙullin kayan wanki ya zauna, ya karanta rabin shafi a hankali, ya ja zaren ya tsaya.

"Malam, a sake," in ji Mai Guga, bai juyo ba.

Ticha ya mayar da yatsa saman shafi.

"A'a, ba wannan ba tukuna. Na fensir ɗin."