Baffa Sale da Ƙananan Jiragen Kan Tsauni

Baffa Sale ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni a Kiru, ina ƙoƙarin tayar da babur, da ambulan ɗinsa a aljihun rigata. Gidansa ma za ni. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Mun kai shi makwancinsa a Ƙafin Maiyaki kafin azahar. Na dawo gida na kasa cin abinci, shi ne na ce bari in rubuta.

Ga wanda bai san shi ba, malamin dabbobi ne. Ya yi shekara da shekaru yana yawon rigakafi a rugagen Kiru da Bebeji har zuwa Doguwa, kuma a hannunsa na koyi aiki. Satina na farko saniya ta take mini ƙafa, ya goyo ni a babur har gida, bai taɓa ba kowa labarin kukan da na yi a hanya ba. To yau ga shi na tona wa kaina.

Hali ɗaya gare shi da ya sha ba ni haushi: Baffa ba ya wuce garke. Daga Ƙafin Maiyaki zuwa Ɗansoshiya sai mu ci wuni. Da ya hango shanu sai ya tsayar da babur, ya sauka, ya yi sallama, ya gaida makiyayi da Fillanci, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga tambayar lafiyar maruƙa. Ni kuwa ina tsaye a rana ina cika ina batsewa.

'Yarsa Rakiya tana karatu a Suwizalan. Bara ta turo masa wani bidiyo na makiyayan can suna sauko da shanu daga kan tsauni da sanyi ya gabato, an rataya wa shanun ƙararrawa, an ɗaura musu furanni a ka. Ya yi ta kallo har cajin wayar ya ƙare.

Ya ce, "Habu, ashe su ma tashi suke da shanu kamar namu! Ai waɗannan 'yan'uwa ne. Sai na je na gaishe su."

Na ɗauka wasa yake. Sai ga Rakiya ta yi takardu, biza ta fito, tasa da ta matarsa Gwaggo Dije. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar jirgin ƙasa, wai ni ne masanin intanet.

Baffa ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ya zana tsaunuka da tabkuna da layin dogo, ya rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensa ya ji su. Rakiya ta ce da ya karanta mata su a waya, ko ɗaya ba ta gane ba.

Na zauna na yi masa bayanin tikiti. Akwai na ɗai-ɗai mai sauƙi, amma an ɗaure ka da jirgi guda da lokaci guda, in ya wuce ka shi ke nan. Ya ce wannan na masu agogo ne, a ajiye shi gefe. Akwai fas, wato katin da za ka yi ta hawa da shi kwanaki a jere. Akwai kuma wani fas ɗin da kai ne za ka zaɓi kwanakinka a cikin wata, ka hau inda ka so, ka sauka inda ka ga dama, ranar da ka zauna wuri ɗaya ba ta shiga ciki.

Ni na kwanaki a jere nake so musu, in kama musu kujera a babban jirgin nan mai rufin gilashi da kowa ke ɗaukar hoto a ciki. Wuni guda kana zaune, ƙanƙara da gadoji da ƙoramu suna wucewa ta gabanka.

Ya ce, "Yana tsayawa?"

Na ce yana ɗan tsayawa, amma in ka sauka ya tafi ya bar ka.

"To in na hango garke fa?"

"Sai ka kalla ta taga, Baffa."

"Ta taga zan gaida mutum?"

Shi ƙananan jirage yake so, masu tsayawa a kowane ƙauye kamar motar kasuwa. In ya ga shanu ya sauka, in ya gama gaisuwa ya jira na baya. In an ce ya kwana, ya kwana.

Har tsaraba ya haɗa wa makiyayan can, man shanu da kilishi. Da Rakiya ta ce ba za a bar shi ya shiga da su ba, ransa ya sosu ƙwarai. Ya ce wace irin ƙasa ce ake hana baƙo zuwa da tsaraba? Daga baya ya haƙura ya sa aka yi masa ƙwarya mai zane da faifai, ya ƙara da sandar kiwo.

Ganina da shi na ƙarshe, sati biyu ke nan, a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na kwashe kwanaki ina jera musu hanya, ya kalli takardar ya ce shi dai ƙananan. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, can fa ba Ɗansoshiya ba ne. Babu mai lokacin gaisuwarka. Kunya kawai za ka je ka ba Rakiya."

Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya girmi mahaifina.

Ya rufe littafinsa a hankali. Ya ce, "To, Habu. Allah Ya huci zuciyarka." Da na tashi tafiya, da kansa ya ɗaure mini ɗanyar masara a bayan babur, ya ce in gaida mai ɗakina.

Ban koma ba, ban kira ba. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Shekaranjiya ina hanyar Tudun Wada ni kaɗai, na hango garke a gefen titi. Ban ankara ba sai na ga na tsaya na sauka. Dattijon da ke kiwon ya amsa sallamata, ya dube ni, ya ce, "Kai ne mai yawo da Baffa Sale? Ina ka baro shi?" Ya riƙe hannuna ya yi ta ba ni saƙon gaisuwa. Na koma kan babur na kama hanya.

Jiya da rana na sayi fas ɗin da yake so, na zaɓin kwanaki, nasa da na Gwaggo. Na buga takardun a shagon kwamfuta na sa a ambulan. Na ƙi kiransa da gangan, so nake in ga fuskarsa, in durƙusa in ba shi haƙuri baki da baki.

Shi ne abin da ya yi ta cin raina a maƙabarta. Ana zuba ƙasa ina jin ambulan ɗin a ƙirjina, ina tunanin ya tafi da waccan maganar a matsayin ta ƙarshe daga bakina.

Da muka dawo, Gwaggo Dije ta aiko a kira ni ciki. Na same ta cikin mata, na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta miƙo mini littafin, ta ce, "Habu, tun wancan satin ya ce in ka zo ba ya nan a ba ka."

Na buɗe. Ya gama tsara tafiyar kaf da ƙananan jirage, ƙauye bayan ƙauye, ya bar wasu ranakun fili ya rubuta "gaisuwa" a gabansu. A ƙasan shafin ƙarshe ya rubuta: "Habu zai sayi na zaɓin kwanaki. Fushinsa ba ya wuce sati biyu."

Na ciro ambulan ɗin na ajiye a gabanta. Ta duba, ta ce, "Ai ya sani. Jiya ma sai da ya ce a dama fura da yawa, ƙila ka zo."

Nan na yi kukan da ya fi na ranar saniya.

Gwaggo ta shiga takaba, shanun can za su sauko bana babu ita babu Baffa. Mun yi waya da Rakiya, ta ce a aika mata ƙwaryar da faifan da sandar. Za ta bi hanyar da ya rubuta, ta sauka inda ta fara ganin garke ta miƙa wa makiyayin.

Allah Ya jiƙan Baffa Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda bai taɓa wuce bawan Allah bai tsaya ba, Allah kada Ya bar shi shi kaɗai a makwancinsa. Allah Ya ba Gwaggo da Rakiya da sauran iyali haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Kuma in hanyarka ta bi ta Kiru ko Bebeji ko Doguwa ka hango garke, ka tsaya ka sauka ka gaya musu. Yawancin mutanensa ba za su ga wannan rubutun ba, kuma suna nan suna jiran ya biyo.