Zif ɗin Rigar Hajiya Rakiya

Har yau ban manta da wata Laraba ba, saura kwana goma babbar Sallah. Lokacin shekarata goma sha huɗu a shagonmu na ɗinki a Zongo, daga Patron mai shagon sai ni. Tsarinmu, wanda ya yanka riga shi ke haɗa ta, shi kuma ke sa mata zif.

Sai ga Isufu daga Dosso, wata biyar kacal da zuwansa. Shi kafin ya sa zif sai ya jiƙa shi, ya shanya, ya goge, sannan ya kafa shi da allurar hannu kafin ya hau keken ɗinki. Wai don kada ya tattare bayan wanki. Nakan ce masa, "Isufu, zif ne ko wake?" Sai ya yi dariya kawai. Amma gaskiya ɗaya ce, zif ɗinsa kwanciya yake a bayan riga sumul, ni kuma abin yana cina a rai.

Hajiya Rakiya mai atamfa a kasuwa, shekara tara ni ke mata ɗinki. Ta kawo leshin Sallarta, na auna ta, za ta fita ta juyo ta ce, "Malam Sale, kai ka ɗinka, amma zif ɗin a ba yaron nan na Dosso." A gaban kowa! Na ce to, amma zuciyata tafasa take.

Ranar Larabar Isufu ya tafi sayen zare, na ɗauki zif na zuba shi a keke da kaina, ba jiƙo ba kafi, ina jan leshin da haushi. Leshi kuwa ba ya son ja. Na ga ya ɗan yi tudu, na danne da dutsen guga na rataye.

Da la'asar Hajiya ta zo gwaji, zif ya tsaya cak a tsakiyar baya, ga shi ya yi gungu-gungu. Ta leƙo daga labule ta ce, "Wannan ne gwanin naku?"

Isufu ya duba ɗinkin, ya dube ni. Na sunkuyar da kai kan almakashi.

Ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, ba ni awa ɗaya."

Ta zauna ta ga yadda ya warware shi zare-zare bai huda leshin ba, ya sa sabo. Bayan ta tafi Patron ya matso ya ce min a hankali, "Sale, ni na koya maka keke. Na san tafiyar ƙafarka a ɗinki."

Bayan Sallah Hajiya ta dawo da shadda biyu. Ta gaishe ni da mutunci, ta tambayi iyali, ta wuce teburin Isufu ta ce ya auna ta. Wai ta ga mutumin da ya iya gyara kuskurensa ba gardama.

Ku da kuke koyon sana'ar nan, abin da ke zuciyar tela yana fita a ɗinkinsa. Shekaru ina cewa Isufu ne ya ƙwace min Hajiya. Ƙarya nake, da hannuna na miƙa masa ita.